Tuntun Da Na Ɗinka Wa Bindigar Alhaji Ilu

Da ana warware ɗinkin da aka riga aka sayar, da akwai wani kube da zan bi zare-zare in kwance, in mayar wa akuya fatarta in ba ta haƙuri. Jar fata ce mai laushi kamar kunnen jariri. Na yi mata ado da kore da baƙi, na rataya mata tuntu biyu a baki. A duk abin da hannuna ya yi a ƙasar Amurka babu wanda ya kai kuben nan kyau, babu kuma wanda ya kai shi wauta.

Sunana Habu, baduku ɗan baduku, daga Damagaram. Ku samarin da kuke leƙo ni a shago kuna cewa, "Baba, ai wannan aikin a waya ma ana koyonsa," ku ja benci ku zauna. Fata ba ta da wuyar ɗinki, gaskiyarku. Abin da za a saka a cikinta ne yake da wuya.

Kawuna Malam Gambo ne ya koya mini, a zaurensa da ke cikin Birni. Shekarun farko ko wuƙa bai bar ni na taɓa ba. Aikina murza zare da kakin zuma, da dama kuloko na baƙin rini, da korar ƙuda daga kan jiƙaƙƙiyar fata. Sai da ya ga na iya zama wuri ɗaya ba mutsu-mutsu sannan ya miƙo mini basilla. Wuƙar fira ita ce ta ƙarshe, don ita ce mai ban tsoro: in ka bar bakin fata da kauri ɗinki ya yi tudu, in ka wuce gona da iri ka huda, an yi asarar akuya guda. Abin da muka fi yi kuben wuƙa ne da na takobi, Buzaye su sauko daga arewa su saya. Kube a wurinmu ado ne. Kawu kan ce kube ba tuntu ango ne ba rawani, kuma da wannan karatun na hau jirgi.

Na shigo Greensboro a ƙarshen shekarun casa'in. Na yi ɗaukar kwali a wani sito a titin Wendover har bayana ya ce shi ya gama. Wani tsoho baƙar fata mai gyaran takalma kusa da tashar bas ya ga yadda nake riƙe basilla, ya ba ni gefen bencinsa, ya koya mini keken ɗinki da irin gam ɗinsu mai sa kai juyawa. Da ya yi ritaya ya bar mini wurin. Lauyoyi kan gangaro daga kotu su kawo takalma, kuma takalmin lauya a dunduniya yake cinyewa, saboda juyi a gaban alƙali. Masu buga golf na Sedgefield kan kawo jakar sandunansu madauri ya tsinke, su tsaya a kaina suna ba ni labarin ramin da suka kusa ci. Ni dai in ce "yes sa," in ci gaba da huda.

Sai shekarar dubu biyu da takwas ta zo ta zauna a kanmu. Masana'antu suna sallamar mutane, masu golf suka ɓace, lauyoyin ma suka koma sayen takalmin roba na manyan kantuna, irin wanda in ya mutu ko addu'a ba ta tashinsa. Nakan yini ban ɗaga guduma ba. A cikin wannan halin wani ɓarawo ya shiga wa wani ɗan'uwanmu a gidan man da yake aiki, ya fasa masa kai da gindin bindiga. Daga ranar hirar majalisarmu ta bayan sallar Juma'a ta koma ta bindiga. Mutanen da ko kaza sai sun kira wani ya yanka musu, kowa ya zama maharbi.

Kuben bindiga na farko Alhaji Ilu na yi wa. Ilu Ba'are ne daga Dogon Dutse, ni kuwa kakannina Barebari ne. Wanda ya fito daga Nijar ya san abin da ke tsakaninmu: taubasai ne mu, abokan wasa tun kaka da kakanni. Ni in ce shi bawana ne, shi ya ce ni nasa. Duk abin da ɗaya ya gaya wa ɗaya ba a fushi, ba a kuma ɗaukarsa da gaske. Yana da butik a bayan Wendover, yana sayar da shinkafa da manja da busasshen kifi da katin kiran gida. Kowa ya san tsohon jandarma ne, don bai taɓa barin kowa ya manta ba.

Ya shigo da hantsi, ya ture takalman da ke kan bencina, ya ajiye wata baƙar ƙaramar bindiga.

"Kai bawana, bar wankin ƙafar lauyoyi. Ga aikin maza ya zo."

"Alhaji, da harsashi a ciki?"

"To da me? Bindiga ba harsashi ai ludayi ce."

"Ina fata dai ba a kan kwastoma za ka gwada ba. Na ga kifinka, shi kaɗai ya isa ya kashe mutum."

"Ɗinka mini kube irin na gida. Ba na son baƙin abin nan na Nasara mai kama da kwanon kare."

Na kwantar da ita a kan kwali na zagaye ta da fensir, kamar yadda nake yi wa wuƙa. Duk tsawon zanen bakinta yana kallon cibiyata. Ban ma lura ba sai daga baya da aka koya mini lura.

Ranar Juma'a Ilu ya tara mutane a wurin ajiye motoci na masallaci, ya ɗage babbar riga yana nuna kuben kamar mai nuna jaririn da aka haifa masa. Tuntayen suna lilo a ƙugunsa. Kafin sati ya zagayo direbobin tasi da masu tsaron gidan mai sun yi mini layi. Ba zan ɓoye muku ba, kuben nan ne ya fitar da ni daga waccan shekarar.

To ga yadda dokar wurin take, kamar yadda muka fahimce ta. A cikin gidanka ko shagonka ba mai tambayarka. Amma wanda yake son ya yi yawo da ƙaramar bindiga a ɓoye cikin tufafi sai ya nemi farmi, wato lasisi, a ofishin sherif, babban ɗan sandan yankin. Kafin a ba shi kuma dole ya yini a aji, a karanta masa doka, a ga harbinsa. Nasara yana iya rataya tasa a waje kowa ya gani. Mu kuwa babbar riga ko tunkiya ka saka a ciki ta ɓoyu. Ilu yana taka ƙofar butik ya zama mai ɓoye bindiga, ko ya so ko bai so ba. Aka gaya masa, ya ce shi ba zai koma lakwal, wato makaranta, da furfura ba.

"Ɓarawon da ya fasa wa yaron nan kai, wane aji ya shiga?" in ji shi. "Shi ba farmi, ni mai shago sai na rufe ranar Asabar, ranar ciniki, in je wani ya yi mini Turanci ta hanci? Ni da na yi jandarma?"

Wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen goya masa baya ni ne. Na ce a gida wa ya taɓa shiga lakwal kafin ya soke wuƙa a ƙugu? Aka yi dariya aka tafa mini. Mai sayar da kube ba ya son abin da zai jinkirta masu saye.

Akwai wani kube da na yi wa mace, shi ne ya dawo. Anti Rahila ma'aikaciyar jinya ce daga Kagoro, tana waƙa a cocinsu, ni nake gyara mata takalman aiki. Tana zaune ita kaɗai da ƴaƴanta, ta ga kuben a bencina ya burge ta, ta saya. Ita kuwa mace ce mai bin abu daki-daki, ta ce ba za ta rataya komai ba sai ta shiga ajin ta karɓi farminta. Ranar Litinin sai ga ta da kuben a cikin leda, ta riƙe shi da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Baba Habu, ina kwana. Na taɓa yi maka laifi ne?"

"Wace irin magana ce wannan, Anti?"

"Malaminmu ne ya ce in tambayi wanda ya ɗinka wannan, me ƙafata ta dama ta yi masa?"

Raina ya ɓaci. Na ce wane ne shi da zai raina ɗinkin Damagaram? Ta ce motarta tana waje, in zo in gaya masa da bakina. Na rufe shago na shiga, ina ta shirya Turancin da zan wanke shi da shi.

Wurin harbin yana bayan gari. Malamin wani farin tsoho ne mai tumbi, Mista Roy, tsohon soja, kunnensa ɗaya ya mutu. Ya karɓi kuben ya daɗe yana shafa ɗinkin da babban yatsa. Ya ce kakansa sirdi yake yi, amma bai taɓa ganin ɗinki mai ƙanƙanta haka ba. Duk Turancin da na shirya ya zube. Sai ya ɗauko bindiga. Ya zare gidan harsashin ya ajiye. Ya ja samanta baya, ya leƙa, ya zura ƙaramin yatsa, ya nuna mini, ya nuna wa Rahila, ya sake leƙawa. Na raɗa mata cewa tsohon nan waswasi ne da shi, irin masu maimaita alwala.

Ya juya bakinta wajen tudun yashi, ya tura ta cikin kubena. Ya zare, ya tura, ya zare. Ina shirin cewa to me ya faru, sai tuntu ɗaya ya lanƙwaso ya faɗa cikin zoben da ke kewaye da kunamar bindigar. Ya ci gaba da turawa. Tuntun ya ja kunama, ƙas!

Tsohon ya zare ta. Ya ɗora kuben a ƙugun Rahila ya nuna mini inda bakin yake kallo: cinya, daidai babbar jijiya. Ya kuma nuna mini yadda bakin fatar mai laushi yake naɗewa ciki, ya ce ko ba tuntu wata rana shi ma zai yi wannan aikin. Sannan ya faɗi magana ɗaya.

"Ya ce wuƙa ba ta da kunama," in ji Rahila.

"Na ji, Anti."

"Na san ka ji. Daɗin faɗa ne ya sa na fassara."

Asabar ta gaba ina zaune a ajin. Ba farmi nake nema ba, a lokacin ma takardun zama ɗan ƙasa ba su fito mini ba. Na je ne in ga abin da nake ɗinka wa riga. Rabin yini doka ce: inda ba a shiga da bindiga, yaushe mutum yake da ikon ɗaga ta, da cewa in ɗan sanda ya tsayar da kai ka fara gaya masa kana ɗauke da ita, hannuwanka a inda yake gani. Na yi gyangyaɗi a nan, ba zan yi ƙarya ba. Amma abubuwa uku tsohon ya yi ta maimaitawa har suka shiga kaina ta ƙarfi. Bakin bindiga ba ya kallon abin da ba ka son ka rasa. Yatsa ba ya shiga wurin kunama sai an zo harbi. Kuma ko ka cire gidan harsashi, ɗaya yana iya kwanciya a ciki yana jiranka. Da aka zo harbi aka toshe mini kunnuwa, na saita takardar da aka kafa mini in harba, na rufe ido na danna, na huda takardar maƙwabcina a tsakiya. Mutumin ya gode mini.

A wurin tsohon nan na sake koyon dukanci da furfura. Kuben bindiga ba da fatar akuya ake yi ba, da ƙirgi ne, fatar sa mai kauri. Za ka jiƙa ta, ka naɗe ta a kan bindigar roba da ake yi don wannan aikin, ka bi kowane lungu da santsin ƙashi kana dannawa har ta ɗauki siffar, ka bar ta ta bushe a inuwa ta yi tauri. Dole ta rufe kunama ruf. Dole bakin ya tsaya a buɗe ko an zare bindigar. In ka gama ka kifa shi ka girgiza, in ta faɗo ka sake. Ba tuntu, ba geza, ba abin da ke lilo. Na farkon da na yi na kalle shi na ce da Kawu Gambo yana raye da ya kore ni daga zaure. Mummuna ne kamar kofaton jaki.

Daga nan na shiga bin gari ina karɓo kayana. In ba ka sabon, ka ba ni tsohon. Wasu suka yi gunaguni, wasu suka tsorata suka miƙo da sauri. Wani direban tasi ma matarsa ta riga ta ƙwace nasa tana ajiye kwalli da turare a ciki, na ce ta riƙe, ya sami aikin da ya dace da shi. Kowa ya bayar, sai Ilu.

Na same shi a majalisa na ja shi gefe. Na ce, "Alhaji, kuben nan zai harbe ka."

Ya juya wajen jama'a. "Ku ji bawana! Ya sami mai saye da tsada, yana son ya karɓe ya ba ni kofaton jaki!"

Aka fashe da dariya. Na ce wallahi da gaske nake. Ya ce, "Kun gani, har rantsuwa ya koya." Aka ƙara fashewa. Na kira shi a waya, ya sa ni a lasifika don masu sayen kifi su ji. Na je wurin matarsa Hajiya Zali, ta saurare ni har ƙarshe ta ce, "Malam Habu, ku biyu kun saba. Ba kai ne ka ce masa an ja motarsa ba, ya fito daga wanka da tawul?" Ni ne. Ni ne kuma na taɓa gaya masa an ga wata, ya sha ruwa ana azumi. Shekara da shekaru ina zuba masa ƙarya don raha, yau ga gaskiya a hannuna ba inda zan ajiye ta. Shi kuwa kullum sai ya cire bindigar ya sa a aljihun mota in zai shiga masallaci, ya fito ya mayar da ita ƙugu, yana zaune, tumbi ya tare masa gani. Kowace sallah ina jiran a kira ni.

Ranar wata Laraba bayan azahar na je butik ɗin. Akwai mata biyu suna zaɓen kifi, da wani direban tasi mai suna Sale, Hajiya Zali kuma tana wurin teburin karɓar kuɗi. Na ce, "Alhaji, mu yi ta ta ƙare. Ka cire harsashi ka saka ta a kuben a gaban shaidu. In ba ta yi ƙas ba, na yarda ni bawanka ne har jikokina."

Idonsa ya yi haske. "Sale, ka ji da kunnenka?"

"Na ji, Alhaji."

Na roƙi matan da Hajiya su ɗan fita waje. Ilu ya ce su fita, kada su ga tsiraicin Babarbare. Ya zaro bindigar da salo, ya cire gidan harsashin ya buga a kan teburin.

"Ga ta nan, wayam."

"Ja samanta baya. Akwai ɗaya a ciki."

"Lakwal ɗin yini ɗaya ka yi, za ka koya wa jandarma?"

"Alhaji, don Allah ja ka duba."

"Ba zan ja ba."

Ya ɗage riga, ya kai bindigar bakin kuben da ke ƙugunsa.  In na kama hannunsa muka yi kokawa, abin da nake gudu zai faru. In na roƙe shi, dariya zai yi. Sai na ga tunda gaskiya ba ta shiga tsakaninmu, bari in koma yaren da muka iya.

Na kalli Sale na ce, "Ka san abin da ya sa yake son yi a jikinsa? Ba ya iya kwance ɗamarar. Tun da tumbin nan ya fito, Hajiya ce take ɗaura masa da safe ta kwance masa da yamma. Yanzu ta fita, ya rasa yadda zai yi."

Sale ya tuntsire da dariya. Ilu ya tsaya.

"Ni?"

"Kai. Rabonka da ganin cibiyarka tun kana Dogon Dutse."

Ya ajiye bindigar a kan teburin, ya shaƙi numfashi ya tsuke ciki, ya fizge ɗamarar da hannu ɗaya, ya ɗaga ta sama kamar wanda ya kashe maciji. Na ce to ɗora a nan kowa ya gani, na nuna masa tulin buhunan shinkafa da ke jingine da bango. Ya kwantar da kuben a kai. Na matsa na juya shi bakin ya kalli buhunan, na ja Sale muka koma bayan Ilu, shi kuma ya sake ɗaukar bindigar.

Ya tura, ya zare. Ya tura, ya zare. Yana yi yana yi wa kansa kirari. "Ina ƙas ɗin, bawana? Sale, kai ka ji ƙas?" Ni har na fara tsoron abin zai kunyata ni in tashi bawa da jikokina. Sai ya waiwayo don ya ga yadda fuskata ta koma, hannunsa yana ci gaba da turawa ba ya kallo.

Ba ƙas ta yi ba.

Ban taɓa sanin ɗaki yana iya cika da ƙara haka ba. Kunnuwana suka ɗauki kuka. Sale ya tsinci kansa a bayan firjin lemo, har yau bai san yadda aka yi ya shiga ba. Da hayaƙin ya lafa, abin da na fara ji shi ne shinkafa tana tsiyaya daga buhu, shaaa, tana taruwa a kan takalmin Ilu. Shi yana tsaye bai motsa ba. Ya kalli ramin da ke jikin buhun. Ya sunkuya ya kalli cinyarsa, daidai inda kuben yake kwana. Ya sake kallon buhun.

Maƙwabcinsa shagon gyaran taya ne, unguwar ta ɗauka taya ce ta fashe, ba wanda ya leƙo. Hajiya Zali ce ta shigo a guje. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ga ba jini, ta dube ni, ta dubi shinkafar. Sai da ta tabbatar kowa yana da rai sannan ta riƙe ƙugu.

"Jandarma! Direban kumanda dai. Malam Habu, mutumin nan sitiyari ya riƙe har ya bar aiki. Bindiga sai ranar fareti ake ba shi, ita ma ba komai a ciki."

 Ilu ya zauna a kan buhun da bai huje ba, ya cire hula ya share kai. Can ya ce, a hankali, "Bawana."

"Na'am," na ce. Ranar ce kaɗai na taɓa amsa wannan sunan.

"Shi tsohon naka, yana da kujera a baya?"

"A gaba zai sa ka. Kurma ne, yana son ya ga bakin mutum."

Da na ba Mista Roy labarin ina jiran yabo, sai ya yi ja kamar gauta. Ya ce wa ya ce in yi gwaji da bindigar gaske a cikin shago, ban duba cikinta da idona ba? In da akwai mutum a bayan bangon fa? In da buhunan ba su tare ba fa? Ya wanke ni tas a gaban ɗalibai, kuma yana da gaskiya. Yini ɗaya a aji ya ishe ni in juya bakin bindiga, bai ishe ni in yi hankali ba.

Shi ya sa in kuka tambaye ni ko ya kamata a tilasta wa mutum shiga aji kafin a ba shi farmi, ba zan ce muku ajin yana mayar da wawa mai wayo ba. Ni shaida ne. Maganar Ilu ma ba duka ce banza ba: ɓarawo ba ya zuwa aji, Asabar ɗin mai shago tana da tsada, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba rabin karatun yana wuce shi ta sama. Amma ku duba yadda abin ya biyo. A duk majalisarmu babu wanda zai je da ƙafarsa, kowannenmu an haife shi da sani. Rahila ma ta gaya mini da ba dole ba ce da ta huta ranar, don ta kwana biyu ba ta yi barcin kirki ba. Dokar ce ta kai ta, ita ta kai kuben, kuben ya kai ni. Da an bar wa kowa ganin damarsa, da cinyar Ilu ce za ta ba mu labari, ko ta Rahila, uwar yara uku.

Ilu ya shiga ajin, ya zauna a gaba, ya yi gardama da malamin a kan komai, ya karɓi farminsa. Kofaton jakin yake ɗaurawa har yau. Buhun da ya harbe ba wanda ya yarda ya saya, Hajiya ta kai gida. Watanni suna cin shinkafar, kullum kafin ta dafa sai ta baza ta a faranti ta sa shi ya zauna ya tsince, wai ko za a ga harsashin jandarma.

Roƙona gare ku biyu ne. In wani ya ajiye muku kaya a kan benci, ba ku san ta inda yake kisa ba, kada ku kai masa basilla sai kun je an nuna muku, ko da kuwa kakanku ne sarkin dukawa. Kada ku yi irin tawa. Na biyu, Alhaji Ilu yana nan da ransa, kuma a majalisa yana gaya wa yara cewa da gangan ya harbi buhun don ya gwada ko Babarbare zai suma. Ku bar shi a haka. Maganar direban kumanda ta tsaya tsakaninmu, ina ajiye ta ne don ranar auren ƴarsa.